Haƙƙin Wanda Ya Tare Iska

Tun daga shekarar 1973, lokacin da aka buɗe Gasar Wasanni ta Ƙasa a Ikko da nufin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari a zukatan mutane, ya zama al'ada a jihohin Nijeriya cewa idan 'yan wasa suka komo gida da abin da Allah Ya hore musu na zinariya ko azurfa ko tagulla, sai hukuma, ko ƙungiyar marubuta labarin wasanni, ko wani mai hali daga cikin attajiran gari, ya shirya biki, a kafa rumfuna, a jera kujeru, a kira su gaban jama'a a miƙa musu lambar girma. Galibi mutum guda ake kira a lokaci guda, ɗan dambe ko mai gudu ko mai tsalle, ya hau dandamali shi kaɗai, ya sauko shi kaɗai. Amma wani lokaci, idan aka zo kan 'yan tseren keke, sai a ga ƙungiya ce ɗungurungum ta hau, samari ramammu masu taurin ƙwauri tare da mai horar da su, ana ta tafi, alhali mafi yawan masu tafin ba za su iya nuna maka wanda ya riga kowa tsallake layi ba. A kan wannan tsayuwa ta jama'a bisa dandamali guda nake so in yi magana, domin a ganina akwai mas'ala ta addini da ta hankali a cikinta wadda ta fi kofin da ake miƙawa nauyi.

Mu mazauna Sabo da Ojoo ba baƙin wannan harka ba ne, ko da yake ba kasafai muke tsoma hannu cikinta ba. Unguwar Sabo, wadda aka yanka wa Hausawan Badun a 1916 a gindin dutsen Mokola, maƙwabciyar filin wasa na Adamasingba ce, wanda ake kira da sunan Lekan Salami, ta yadda mai alwala a ƙofar gidansa yakan jiyo ihun 'yan kallo ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Shooting Stars take wasa. A wannan birni ne Dick Tiger ya kare kambunsa na damben duniya a gaban Gene Fullmer a filin Liberty cikin 1963, a nan ne kuma aka yi Gasar Wasanni ta Ƙasa ta 1979. Ojoo kuwa, ƙofar Badun ta wajen arewa, inda babbar hanyar Ikko take gamuwa da ta Oyo da Ogbomosho da Ilori, wanda ya yi sammako bayan sallar asuba yakan ci karo da mahaya keke sanye da kwalkwali, sun sunkuya sun jeru kamar an zare su a igiya, suna ratsa tsakanin tireloli. Bahaushe ya daɗe da sanin keke, tun zamanin Rali, amma ya san shi ne a matsayin dokin talaka, abin hawan malamin makaranta da masinja da mai tallan yadi. Bai saba ganin mutum ya hau shi ya yi tafiyar kilomita ɗari ba don ya kai saƙo ko ya sayar da haja ba. Shi ya sa idan maganar ta taso a majalisa bayan la'asar, dattawa sukan ce wahalar banza ce da neman suna, samari kuwa su ce ai yabon gwani ya zama dole, kowa ya tashi a kan bakarsa.

Abu biyu ne suka cakuɗe a cikin wannan jayayya, ya kuma kamata a rabe su. Na farko hukuncin tsere da karɓar kyauta a kansa. Na biyu hukuncin yabo, da abin da yake aikatawa a zuciyar mai yi da ta wanda ake yi wa. Na farkon ya fi sauƙi.

Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar, tun daga Hafya'u har zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, Abdullahi ɗan Umar yana cikin mahayan; an kuma ruwaito cewa shi da kansa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata bayan shekaru. Asalin tsere ke nan mubahi ne, babu mai ja. Inda malamai suka tsawaita bahasi shi ne kan ladan da ake gindayawa, saboda hadisin Abu Huraira da ya taƙaita shi ga abu uku: harbin kibiya, da tseren raƙuma, da na dawaki. Malamanmu na Malikiyya sun tsaya a kan ukun nan, kuma sanya babin musabaƙa da Shehu Halilu ya yi a Muhtasar dab da bayan babin jihadi ya isa ya nuna dalilin hukuncin, wato tanadin ƙarfi domin kare al'umma; abin da ya fita daga ukun, kamar gudun ƙafa da tseren jiragen ruwa, sun halatta shi idan akwai manufa ta gari, amma ba tare da gindaya lada ba. Da yawa daga cikin malaman wannan zamani sun sassauta, matuƙar kyautar daga wani na uku ta fito wanda ba ya cikin tseren. Abin da yake haramun shi ne 'yan tseren keke su tara kuɗi daga aljihunsu wanda ya ci ya kwashe, ko 'yan kallo su zuba kuɗi a kansu, domin wannan caca ce tsagwaronta, ko an yi ta a bakin titi ko a cikin wayar hannu. To, bikin karramawa da ake yi bayan an gama tsere an watse ba ya cikin wannan babi ko kaɗan, tun da ba a ƙulla sharaɗi ba, ba wanda ya saka taro balle ya yi asarar sisi. Kyauta ce tsantsa, mutum kuwa yana da ikon ya yi kyauta da dukiyarsa ga wanda ya so a kan abin da ba saɓo ba. Sai dai a kiyaye lokacin salla, a kuma suturta al'aura, wanda ba ƙaramin abin lura ba ne ga mai sanya matsattsen wandon tsere.

Mas'ala ta biyu ita ce mai wuyar, domin nassoshi sun zo ta fuska biyu, kuma duk mai adalci dole ya riƙe su duka. Ta fuska ɗaya, Imamu Muslim ya kawo labarin Miƙdadu, wanda ya ji wani mutum yana zuba wa Halifa Usmanu yabo a gabansa, sai ya durƙusa ya riƙa ɗibar tsakuwa yana watsa masa a fuska, yana mai kafa hujja da umarnin Annabi game da masu kwarzanta mutane. An kuma ruwaito cewa Annabi ya kamanta yabon mutum a kan idonsa da yanke masa wuya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙididdige aibobin yabo guda shida a cikin Ihya'u, huɗu a kan mai yabo: ya wuce gona da iri har ya faɗa ƙarya, ya nuna ƙaunar da babu ita a zuciyarsa, ya faɗi abin da bai tabbatar ba, ko ya faranta ran azzalumi, biyu kuma a kan wanda aka yaba, wato girman kai da ujubu, sa'an nan sanyin jiki, domin wanda aka gaya masa ya kai, to, ya daina tafiya. Dattawanmu da suke ƙyamar wannan biki ba da ka suke magana ba, a wannan rijiya suka sha.

Ta ɗaya fuskar kuma, a cikin Sahihu Muslim ɗin dai aka kawo labarin Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya shahara da gudu, wanda ya bi maharan da suka kore raƙuman Annabi da ƙafa, yana harbinsu da kibau, har ya ƙwato abin da suka kora. Da ƙura ta lafa, Annabi ya bayyana a gaban runduna cewa a wannan rana Abu Ƙatada ne mafificin mahaya, Salamatu kuma mafificin dakarun ƙasa, ya haɗa masa rabo biyu na ganima, ya kuma goya shi a bayan taguwarsa a hanyar komawa Madina. A wannan hanya ce ma Salamatu ya nemi izini ya yi tseren ƙafa da wani mutumin Ansaru, ya kuwa tsere masa. Ga yabo a bainar jama'a, a kan ƙarfin jiki da zafin nama, tare da kyauta, daga bakin wanda ba ya faɗar son zuciya. Da Abu Zarri ya tambaya game da mutumin da ya aikata alheri mutane suka yabe shi a kai, an amsa masa da cewa wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Sanannen abu ne kuma cewa an ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, har aka nuna wanda ya rasa ta biyun ya rasa ta farkon.

Yadda malamai suka haɗa tsakanin waɗannan nassoshi shi ne cewa abin zargi yabon da ya saɓa wa gaskiya ne, ko wanda ake tsoron zai fitini mai shi. Ni kuwa abin da na lura da shi, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne cewa a harkar tseren keke waɗannan sharuɗɗa biyu sun zama ɗaya, domin yabon mutum guda a wannan wasa ƙarya ce ta wani ɓangare tun kafin ta zama fitina, kuma ba za a fahimci haka ba sai an san yadda tseren yake gudana.

Babban abokin gabar mahayin keke ba tudu ba ne, ko da tudun Mokola ne, ba kuma abokin hamayyarsa ba ne, iska ce. Idan gudu ya kai kilomita 40 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin da mahayi yake zubawa a kan feda yana tafiya ne wajen keta iskar da ke gabansa, wanda kuwa ya lafe a bayan wani, tayarsa ta gaba tana kusan shafar tayar bayan na gabansa, yakan tsimi kimanin sulusin ƙarfinsa, a tsakiyar babban gungu ma fiye da haka. Saboda haka sai ƙungiya ta jeru, na gaba ya sunkuyar da kai ya sha iskar shi kaɗai, ƙirjinsa yana zafi, cinyoyinsa suna raɗaɗi, har sa'ad da ya ji ya kai iyakarsa, sai ya ɗan kaɗa gwiwar hannu alamar na baya ya karɓa, shi kuma ya goce gefe ya sulale zuwa wutsiyar layi ya huta, kafin zagaye ya sake zuwa kansa. Idan iskar daga gefe take busowa, kamar yadda ta hunturu take yi, sai su karkace jerin su yi shi a gicciye. A cikin ƙungiyar akwai waɗanda tun daga gida an san ba domin su ci suka fito ba: su ne masu komawa baya wajen motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa a cikin riga su kawo wa 'yan'uwansu, su ne masu bin duk wanda ya yi yunƙurin ɓallewa daga abokan hamayya, kuma idan tayar jagoransu ta yi faci, ɗayansu yakan sauka ya miƙa masa ƙafar kekensa, ko keken ɗungum, shi ya tsaya a bakin hanya yana jiran mota. A ƙarshen tsere kuma akwai wanda aikinsa shi ne ya ja jagoran da iyakar ƙarfinsa har saura mita ɗari biyu ko makamancin haka, sa'an nan ya kauce, jagoran ya fito daga inuwarsa da sauran ƙarfin da aka tanadar masa ya tsallake layi hannu a sama, shi kuwa mai jan ya ƙaraso can baya, numfashi sama-sama, babu mai ɗaukar hotonsa.

Masu wannan sana'a sun san haka sarai, shi ya sa suka gina shi cikin dokokinsu da al'adunsu. A babban tseren zagaye Faransa, wanda aka fara a 1903, kowace ƙungiya mahaya takwas take fitarwa, mutum ɗaya ne kuma yake sanya rawayar riga a birnin Faris, amma daɗaɗɗiyar al'ada ce cewa Yuro 500,000 ɗin da ake ba shi a raba su tsakanin abokan hawansa da ma'aikatan ƙungiya. A tseren kora na ƙungiyoyi da ake yi cikin zagayayyen fili, irin wanda aka gina a Abuja domin wasannin Afirka na 2003, mutum huɗu ne suke tafiyar kilomita huɗu, amma ba a tsayar da agogo a kan na farko. Sai na uku ya tsallake ake ƙirga wa ƙungiya lokacinta, ta yadda gwanin da ya tsere wa 'yan'uwansa bai ƙara musu ko daƙiƙa ba, bal ma ya cuce su. Wanda ya san yadda Annabi ya yi wa Mu'azu faɗa a kan tsawaita karatu a limancin salla alhali a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai uzuri, ba zai ga wannan doka baƙuwa ba.

A nan ne mas'alar ta koma ta tauhidi. Malaman tarbiyya sun bayyana ujubu da cewa shi ne bawa ya girmama ni'imar da ke hannunsa, ya natsu da ita, ya mance jingina ta ga Wanda Ya bayar. To, Mai bayarwa, tsarki ya tabbata a gare Shi, Ya hukunta cewa ni'imominSa ta hanyar sababai suke isowa, kuma mafi kusa daga cikin sababan nan ga mahayin keke shi ne bayan ɗan'uwansa da ya yi sa'o'i huɗu yana kallo, gumi yana tsiyaya a kansa. Idan har mutum zai iya mance sababin da idonsa ya gani, wanda ya ji hucinsa, ya sha ruwa daga hannunsa, ta yaya za a yi tsammanin ya tuna da Mai sabbaba sababai wanda ido ba ya riskarSa? Wannan, a fahimtata, shi ne sirrin ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane: ta biyun makaranta ce ta farkon. Saboda haka idan masu biki suka kira ƙungiya gaba ɗaya, sun faɗi gaskiyar yadda aka ci nasara, sun kuma yi wa gwanin cikinsu rahama, domin yana da wuya Shaiɗan ya raya wa mutum cewa shi kaɗai ne, alhali kafaɗarsa tana gugar ta wanda ya ba shi kekensa.

Ba ma a kan mahaya silsilar ta tsaya ba. Je ka zauna wajen mai gyaran keke a bakin titin Ojoo ka ga yadda yake ciro robar cikin taya, ya hura ta, ya riƙa nutsa ta gaɓa-gaɓa a cikin kwanon ruwan da ya yi baƙi, idonsa a kan inda kumfa za ta ɓullo. Ya goge wurin har ya yi kaushi, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya danne da gindin sukuddireba. Sa'an nan ya kifa keken ya juya ƙafar, yana ɗaure wannan waya yana sassauta waccan, har karkatar ta miƙe. Idan ya yi ha'inci a ɗaure birki, rai ne zai tafi a gangara. Idan ya kyautata, babu wanda zai san ya yi wani abu. Mu mutanen Sabo ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin a kan irinsa aka gina unguwarmu. Bature mai bincike Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinmu a 1962 da 1963 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda a wancan zamani fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi yake tafiya a kan amana da bashi ba tare da takarda ba: maigida yana saukar da baƙo ya tsaya masa, dillali yana haɗa shi da mahaucin Bayarabe, yaran gida suna bin kuɗi, wasu suna ɗaure huhun goro. Sunan maigida ake ji daga Badun har Kano, amma 'yan koren da suka yi makonni suna taka ƙasa a bayan garke, cikin rana da ƙudan tsando, su ne suka tare masa iska, kuma masu gidan da suka yi albarka su ne waɗanda suka san haka.

Sai dai kada a ɗauka cewa da zarar an ce jama'a an tsira, domin ƙungiya ma tana da nata ujubun, sunansa asabiyya, kuma ya fi na mutum ɗaya wuyar magani saboda yana sanye da rigar zumunci. Lance Armstrong na Amurka, wanda ya ci tseren Faransa sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, ba shi kaɗai ya yi algus ba. Ƙungiya ce mai haɗin kai da biyayya ta taru a kan shan haramtattun magunguna da ƙarin jini da rufa wa juna asiri, har zuwa 2012 da tsofaffin abokan hawansa suka ba da shaida, aka tuɓe masa kambunan duka, aka bar waɗannan shekaru babu sunan kowa. Taimakekeniya ce, amma a kan zunubi. Haka nan idan karramawa ta koma kirarin jiharmu ta fi taku, ko ƙabilarmu ta fi tasu, an gudu daga ƙaramin ciwo an faɗa babba, mu kuwa da muka ga rikicin ƙabilancin da ya auku a kasuwar Shasha cikin watan Fabrairun 2021, da rayuka da rumfunan da suka salwanta, ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi. Abin da yake ba ni fata a nan shi ne cewa iska ba ta tambayar asali. Yaron da aka haifa a Sabo, jikan wanda aka haifa a Sabo, idan ya shiga ƙungiyar jihar Oyo, dole ya lafe a bayan Bayarabe, Bayarabe kuma ya lafe a bayansa, kowa ya damƙa wa ɗan'uwansa lafiyar jikinsa a tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba, amanar da ba kasafai taron sulhu yake iya ƙullawa ba.

Da wani daga cikin 'ya'yanmu zai zo ya durƙusa ya ce, "Baba, an kira ƙungiyarmu za a ba mu lamba, in je ko in ƙi?", da sai in ce masa, "Ɗana, tafi, Allah Ya yi maka albarka, domin ƙin zuwa don a ce kai mai tawali'u ne shi ma wata riya ce." Sa'an nan in ba shi labarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayar a Infaƙul Maisuri game da mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cewa idan zai fita wajen jama'a domin wa'azi yakan ɗan tsaya a cikin gida tukuna, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa niyya yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin ikhlasi. Idan Mujaddadi yana bukatar wannan tsayuwa kafin ya fuskanci taron da ya zo jin karatu, ina ga saurayin da zai fuskanci taron da ya zo tafa masa? In kuma tuna masa da Adba'u, taguwar Annabi da ba a taɓa tsere mata ba, har ranar da wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, amma Annabi ya sanar da su cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya sauko. Mai kofi a bana ya sani cewa wanda zai karɓe shi yana nan yana koyon hawa a keken haya.

Amma kaso mafi nauyi na wannan magana ba a kan samarin yake ba, a kanmu yake, mu masu tafi da masu shirya biki, domin huɗu daga cikin aibobi shidan da Gazali ya lissafa namu ne. Sau nawa ake taro da sunan 'yan wasa, alhali hoton babban baƙo ya fi nasu girma a jikin allo, jawabinsa ya cinye lokacin, a sanar da kyautar kuɗi a gaban 'yan jarida, sa'an nan yaran su yi watanni suna sintiri? An umarce mu da biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, alkawarin da aka yi a lasifika kuwa bashi ne. A wasannin Olamfik na Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar Nijeriya ta farko da ta taɓa shiga tseren keke a wannan gasa, da keken aro daga tawagar Jamus ta shiga tseren cikin fili, ta kuma fito fili ta gode musu. Ita ta sauke nata haƙƙin na godiya, saura namu. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya yi wa Shooting Stars wasa, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a ragar Bulgeriya cikin 1994 daga bugun da Finidi George ya miƙo masa, duk ƙasar nan ta haddace hotonsa yana riƙe da raga yana kuka. A wannan birni namu na Badun ya ƙare kwanakinsa cikin kaɗaici, ya rasu a watan Mayun 2012, Allah Ya jiƙansa. Yabon da ba ya bin mutum gida bayan an naɗe tabarmi, shi ne wanda Gazali ya kira nuna ƙaunar da babu ita.

Saboda haka ina goyon bayan a karrama su, da sharaɗin a yi shi a kan gaskiya: a kira sunan kowane mahayi, har wanda bai ƙarasa tseren ba domin ya ƙone ƙarfinsa a gaba, a kira makanike da mai horarwa da direban motar ruwa, a faɗi abin da kowa ya yi ba tare da ƙari ba, a kuma damƙa abin da aka alkawarta a wannan zama. Mu kuma a Ojoo muna da wani rabo na musamman da ba ya bukatar rumfa ko lasifika. Da yawa daga cikin tirelolin da suke kwana a bakin wannan hanya, da masu ɗauko tumatir da albasa da shanu daga Arewa, 'yan'uwanmu ne suke tuƙa su, a masallatanmu suke salla, a wajen masu shayinmu suke karyawa. Ya kamata limamai da shugabannin direbobi su riƙa gaya musu cewa idan suka hango jerin masu keke da sassafe a kan hanyar, su sassauta, su ba su fili, kada su matse su zuwa bakin kwalta, kada kuma su danna musu ham a kunne, domin iskar babbar mota kaɗai ta isa ta kayar da mahayi, kuma idan na gaba ya faɗi, duk na bayansa a kansa za su zube.